Barin Taba Sigari: Famasi, Asibiti, ko Kai Kaɗai?

Yawancin masu shan taba ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan illarta. Sun san tarin da ke tashinsu da asuba, sun san kuɗin da ke zurarewa wurin mai tebur kara-kara, kuma da yawansu sun taɓa jefar da kwali suna rantsuwa, bayan kwana biyu suka koma. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biliyan 1.25 da ke amfani da taba a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 suna son bari, amma kashi 70 cikin 100 ba su da inda za su sami taimako na gaske. A Najeriya, binciken da aka yi a 2012 ya nuna manya miliyan 4.5 ne ke amfani da taba, a cikin maza kuwa ɗaya cikin kowane goma. Tambayar da ta rage wa mai niyya ita ce: wannan karon wa zan nufa? Hanyoyin da ke gabansa dai ba su wuce ya daure shi kaɗai, ya shiga famasi, ya tafi asibiti, ko ya nemi mai maganin gargajiya ba. Ni ra'ayina, ga mafi yawan mutane famasi ce ƙofar da ta fi dacewa a fara ƙwanƙwasawa. Amma akwai waɗanda ba ta dace da su ba, kuma akwai wuraren da ta gaza.

Mu fara da daurewa, tunda ita kowa ke fara gwadawa. Ba ta cin ko kwabo, kuma akwai waɗanda suka bari ta nan har abada, kowa ya san irinsu a unguwarsu. Sai dai alƙaluma ba su goyi bayanta sosai ba: cikin mutum 100 da suka yanke taba ba magani ba mai taimako, kusan 3 zuwa 5 ne kawai ke kai shekara ba su koma ba. Wannan ba rashin zuciya ba ne. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum, na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan zuƙa, kuma cikin kamar awa biyu rabinsa ya fice daga jini, shi ya sa jiki ke neman wani karan. In aka yanke, sai saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali da yawan jin yunwa su taso. Sun fi tsanani a makon farko, sannan su riƙa lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wanda ke shan kara biyu ko uku a rana, galibi a majalisa, yana iya tsallakewa da ƙarfin niyya. Wanda kuwa sai ya kunna kafin ya karya kumallo, kuma ya sha gwadawa yana komawa, bai kamata ya sake bin hanyar da ta kayar da shi ba.

Kemis daban, famasi daban

Kafin a ci gaba dole a raba waɗannan biyun, domin a bakin mutane duk shagon magani kemis ne. Mai kemis yana da lasisin sayar da ƙananan magunguna waɗanda ba sa buƙatar takardar likita, a cikin kwalinsu na asali. Yana da amfani ƙwarai, a ƙauyuka da yawa ma shi kaɗai ne ake da shi, amma bai yi karatun magani a jami'a ba. Famasi kuwa dole ne ta kasance ƙarƙashin masanin harhaɗa magunguna, wato famasis, wanda ya yi shekara biyar ko shida a jami'a irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Maiduguri, ya ƙara shekarar horo, sannan ya yi rajista. Hukumar kula da harkar magunguna ta PCN ce ke ba su duka biyun lasisi, kuma ana rataya lasisin a inda mai shigowa zai gani. Famasi mai rajista galibi tana ɗauke da alamar koren kuros mai rubutun Rx. In ka shiga, kada ka tsaya wurin yaran kanta, ka ce kana son ganin famasis ɗin da kansa. In aka ce ba ya nan, ka tambayi lokacin da yake zama ka dawo. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansa nake magana, ba a kan shagon ba.

Abin da ya fifita shi a wurina ba iliminsa ba ne kaɗai, likita ma yana da ilimi. Kusancinsa ne. Barin taba ba aikin zama ɗaya ba ne, aiki ne na makonni, kuma ranar da mutum ya fi buƙatar a yi masa magana ita ce rana ta uku ko ta huɗu, da yamma, bayan an ɓata masa rai a kasuwa. A ranar ba wanda zai je ya yanki kati ya bi layin asibiti don ya ce yana jin ƙishin taba. Amma famasi tana kan hanyarsa ta komawa gida, a buɗe take har dare, ba kuɗin ganin likita, kuma ba wanda zai san abin da ya kai shi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, inda magidanci ke ɓoye tabarsa daga surukansa, mace mai sha kuwa ba ta ma iya furta wa kowa.

Famasis da ya san aikinsa ba ya fara da miƙo magani. Zai ja ka gefe ya tambaya: "Malam, kara nawa kake sha a rana? In ka tashi daga barci, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko? Ka taɓa bari? Me ya mayar da kai? Akwai wani magani da kake sha yanzu?" Tambaya ta biyu ita ce ma'aunin da ya fi nuna zurfin kamuwa: wanda ke kunnawa cikin rabin awa da farkawa yana buƙatar magani mai ƙarfi fiye da wanda ke iya kaiwa azahar. Daga nan sai ku tsayar da rana, cikin mako ɗaya ko biyu, ba "bayan Sallah in Allah ya kai mu" ba, kuma ku shirya ranakun da za ka riƙa leƙowa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yulin 2024, wadda ita ce ta farko a kan taimaka wa manya su bar taba, ta nuna cewa ko shawarar daƙiƙa 30 zuwa minti 3 daga ma'aikacin lafiya tana da tasiri, kuma haɗa magani da shawara ya fi kowannensu shi kaɗai. Wata bita da cibiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya ta yi a 2019 a kan ma'aikatan famasi ta gano cewa waɗanda aka bi su da kulawa sosai sun fi bari, fiye da ninki biyu, a kan waɗanda aka sallama da 'yar gajeriyar magana, ko da yake masu bitar sun ce binciken da suka tattara ba su da yawa. A Ingila abin ya zama tsari: tun 2022 asibitocin gwamnati na iya tura majinyacin da aka sallama zuwa famasin unguwarsu don ya ci gaba da shirin barin taba a can.

Me zai ba ka?

Abin da famasis zai iya ba ka ba tare da takardar likita ba shi ne maganin maye gurbin nikotin. Mutane da yawa suna jin tsoronsa, suna cewa ai guba ce aka sake ba su. Gaskiyar ita ce nikotin shi ke kama mutum, amma ba shi ne ke yin mafi yawan kisan ba. Abin da ke jawo kansar huhu, ciwon zuciya da toshewar numfashi yana cikin hayaƙin ne: kwalta, da dubban sinadarai, da iskar kabon monoksaid, wadda ita ce dai ke fita daga janareto ta kashe mutane a ɗaki. Maganin yana ba jiki nikotin kaɗan a hankali ba tare da hayaƙi ba, sannan a riƙa ragewa. Bincike ya nuna yana ƙara yiwuwar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009.

Iri biyu aka fi samu, filasta da cingam, kuma aikinsu ya bambanta. Filasta ana manna ta da safe a busasshiyar fata mara gashi, a dantse ko ƙirji ko baya, a canza wuri kullum don kada fata ta yi ja. Tana sakin nikotin a hankali duk yini, ba ruwanka da tunawa, kuma tana ƙarƙashin riga ba mai gani. Wanda ke shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da mai miligiram 21 na kamar mako shida, ya sauko 14, sannan 7. Rauninta shi ne ba ta kai ɗauki a lokacin da ƙishi ya taso farat ɗaya, bayan cin abinci ko in abokai sun kunna. A yanayin zafi irin namu gumi na iya ɓamɓare ta, musamman ga ɗan acaɓa ko mai aikin gini, wasu kuma takan hana su barci ko ta sa su yawan mafarki, sai a ce su cire ta kafin kwanciya.

Cingam shi ne mai kai ɗauki, yana zuwa a miligiram 2 da 4, amma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma a nan ne amfanin famasis ke fitowa fili. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. Za ka tauna a hankali har ka ji wani yaji-yaji a baki, sai ka tsaya ka maƙale shi tsakanin kunci da dasashi. In yajin ya lafa ka sake tauna kaɗan ka mayar, haka har kusan rabin awa. Ta fatar baki nikotin ɗin ke shiga jini. Wanda ya tauna da sauri yana haɗiye yawu sai ya tashi da shaƙuwa, ƙwarnafi da tashin zuciya, ya ce maganin bai karɓe shi ba. Haka nan ba a shan lemo, kofi ko wani abu mai tsami minti 15 kafin a sa shi, don suna hana shi shiga. Mai haƙoran roba ko ciwon muƙamuƙi gara ya nemi na tsotsa, mai kama da alewa. Ga mai sha da yawa, abin da ya fi aiki shi ne haɗa biyun: filasta ta riƙe yini, cingam ya tare ƙishin da ya ɓullo. Wannan haɗin ya fi amfani da guda ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne dainawa da wuri. Mutum ya ji daɗin jikinsa a mako na biyu sai ya ajiye, alhali ana so a kai mako 8 zuwa 12.

Sai ƙwayoyi, waɗanda a ƙa'ida sai da takardar likita. Varenicline, wanda aka fi sani da sunan Champix, shi ne mafi ƙarfi cikin magungunan da ake sha guda ɗaya: yana ninka yiwuwar bari fiye da sau biyu. Yana rage ƙishin, kuma ko mutum ya zame ya kunna ba ya jin daɗin da ya saba. Ana fara shi mako ɗaya kafin ranar bari, a sha na mako 12. Yakan sa tashin zuciya, shi ya sa ake shansa bayan abinci da ruwa cike da kofi, kuma mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Kamfanin Pfizer ya janye nasa daga kasuwa a 2021 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, daga baya wasu kamfanoni suka fito da nasu. Bupropion bai kai shi ƙarfi ba, ƙarfinsa kusan ɗaya ne da na filasta ko cingam shi kaɗai, kuma yana da sharaɗi mai nauyi: mai farfaɗiya ba ya shansa. Ina so a ji wannan da kyau, domin tramadol ma yana iya jawo jijjiga, haɗa su biyun kuwa haɗari ne. Duk wanda ke taɓa tramadol ya faɗa wa famasis gaskiya, ba don a kama shi ake tambaya ba. Akwai kuma cytisine, wanda ake samu daga wani tsiro, an daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960, ana shansa na kwana 25, kuma yana cikin magunguna huɗun da ƙa'idar 2024 ta amince da su.

Akwai wani aiki da famasis ya fi kowa dacewa da shi, wanda mai daurewa shi kaɗai ba zai taɓa sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. In aka daina, hantar ta koma yadda take, sai maganin ya taru a jini fiye da da, alhali adadin da ake sha bai canza ba. Wannan ya shafi theophylline da aminophylline na masu asma, da clozapine da olanzapine na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, da mai allurar insulin su ma ana so a sa musu ido. Har sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, kofi da goro abin ya shafa. Mutum ya bar taba ya koma cin goro da shan shayi ba ƙaƙƙautawa don ya ɗebe kewa, sai ya fara jin saurin bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, ya ɗauka rashin taba ne ke neman kashe shi, ya koma. Da ya sami wanda zai ce masa ya rage goron da shayin, da ya wuce wurin.

Inda famasi ta gaza

Ba zan ɓoye ba, abin da ke cikin littafi da abin da ke kan kanta ba ɗaya ba ne. Filasta da cingam daga waje ake shigo da su, an fi samunsu a manyan famasi na manyan birane, kuma suna da tsada ga talaka, ga shi daga aljihu ake biya. Famasi masu rajista kansu sun taru ne a birane. Ba kowane famasis ne ya sami horo na musamman a kan barin taba ba, wani kuma cinkoson masu saye ba ya barinsa ya zauna da kai minti goma, wani shagon ma ba shi da lungun da za a yi magana a asirce. Kuma kada a manta shago ne, ciniki yake nema. In ka ga ana tura maka maganin ƙarin jini da na "wanke huhu" maimakon a tambaye ka yadda kake sha, ka canza wuri. Babu ƙwaya ko ruwan magani da ke wanke huhu, daina hayaƙin ne ke ba shi damar farfaɗowa. Duk abin da za ka saya kuma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

A kan tsada, ka yi lissafin da kanka kafin ka yanke hukunci. Ka ninka abin da kake kashewa a taba kullum sau 30, sannan sau 12, ka ajiye kusa da kuɗin maganin wata uku. In duk da haka bai yiwu ba, kada ka fasa zuwa. Tsayar da rana, sanin abubuwan da ke tayar maka da ƙishi, da samun wanda zai tambaye ka kowane mako "yaya aka kwana da ita?" sun fi tafiya kai kaɗai, kuma ba a biyan su.

Asibiti kuwa yana da abin da famasi ba ta da shi: gwaji, ikon rubuta ƙwayoyi, da kula da cutar da ta riga ta kama. Akwai waɗanda ban yarda su fara da famasi ba sam. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta fara da likita ko ungozomar asibiti, domin ba a ba ta waɗancan ƙwayoyin, na nikotin ɗin ma sai da shawara. Haka wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙoda, da yaron da bai kai 18 ba. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko yake ganin jini a majina, ko yake ramewa da gumin dare, ya je a gwada shi tarin fuka kafin komai, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda kuma tabarsa ta haɗu da wiwi, kodin, tramadol ko giya, ko yake fama da ciwon damuwa, wurinsa sashen kula da masu shaye-shaye ne, irin na asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Raunin asibiti shi ne nisa, layi, da tazarar da ke tsakanin ganin likita da ganin likita. Saboda haka ko ga waɗannan, tsarin da ya fi kyau shi ne likita ya duba ya rubuta, famasis ya riƙa bibiya a tsakani.

Maganin gargajiya ba zan daɗe a kansa ba. Tauna asuwaki, kanumfari ko citta yana shagaltar da baki da hannu na 'yan mintocin da ƙishi ke ɗauka kafin ya wuce, wannan dabara ce mai kyau. Amma garin da ake sayarwa a tasha ana cewa sha ɗaya ya raba ka da taba, ba wanda ya auna abin da ke cikinsa. Komawa tabar gari ko shisha kuma ba bari ba ne, taba ce dai ta canza riga. Sigarin lantarki ya fi su rikitarwa: akwai bincike mai ƙarfi da ya nuna yana taimaka wa wasu manya su bar sigari, a Ingila ma ana ba da shi a shirin barin taba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin abin da ta ba da shawara ba, kuma da yawan waɗanda suka koma kansa suna ci gaba da zuƙarsa. A kasuwar da ba a tantance abin da ke cikin ruwansa ba, ni ba zan sa shi a gaba ba.

Addu'a da azumi kuwa ba kishiyoyin magani ba ne. Mai shan taba da ke azumin Ramadan ya riga ya nuna wa kansa zai iya yini ba hayaƙi har kwana 29 ko 30. Inda yake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, da zai kunna biyu ko uku a jere. Famasis zai iya tsara masa cingam ko na tsotsa tsakanin magariba da sahur, domin da rana suna karya azumi. Filasta kuwa malamai da yawa suna ganin ba ta karyawa tunda ta fata take shiga, amma kowa ya tambayi malaminsa ya sami natsuwa.

To wa zai nufi ina? Mai sha kaɗan wanda bai taɓa gwada bari ba, ya gwada da kansa, amma ya tsayar da rana ya kuma faɗa wa wani na kusa. Mai sha kullum, lafiyarsa ƙalau, ya taɓa gwadawa ya koma, famasi ce wurinsa, kuma in aljihu ya ɗauka ya nemi filasta da cingam tare. Wanda ya yi hakan yadda ya kamata bai yi nasara ba, ya je likita ya rubuta masa varenicline ya dawo famasi a bi shi. Waɗanda na lissafa a sama su fara da asibiti. Wanda ke ƙauyen da ba famasi, ma'aikacin ƙaramin asibitin garinsu zai iya riƙe masa matsayin mai bibiya, ya sayo maganin in ya shiga birni. Ranar zuwan farko ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha, har na gargajiya, ka faɗi adadin karan da kake sha na gaskiya ba wanda kake faɗa a gida ba, kuma kada ka fito sai kun tsayar da ranar bari da ranar da za ka dawo.